Karcen Cikin Akori-kura

Shekarun baya, lokacin da hoton shugaban ƙasa na farko yake rataye a kowane shago a Yawunde, ni ma na taɓa zama mai mota. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga wando mai faɗin ƙafa, ga takardar makarantar Faransanci da nake ji da ita kamar ni na kawo boko unguwarmu ta Briqueterie. Makarantar allo kuwa kawuna ne malaminta, kuma da yana raye da shi zai ba ku labarin yadda na gudu tun ban haɗa izu biyu ba.

A gidanmu akwai maganar da ba a yi. Yayata ta shekara huɗu zaune tare da mu, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Mijinta tela ne a unguwar Messa. Wata rana da hantsi wasu mutane biyu masu tsabtar kaya suka shiga shagonsa, suka ce ya zo a yi masa tambaya ɗaya. Ya bar riga a bakin keke ya bi su, shi ke nan. A wancan zamanin ba a zuwa neman irin wannan mutum, don mai neman ma ana iya nemansa. Kawu ya ce shari'a ta ba da hanyar raba auren, sai dai dole a tsaya gaban alƙali a faɗi yadda ya ɓata da waɗanda suka tafi da shi, kuma babu mai bakin faɗa. Manema sun fito har biyu, tana ce musu da igiyar wani a kanta. Tana soya makala, wato fanken garinmu, a ƙofar gida, kowace mota ta tsaya a layinmu sai ta ɗaga kai.

A haka na sayi akori-kura, irin wadda muke ce wa bashe saboda tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi. Hannu na uku ce ko na huɗu. Wanda ya sayar mini ya ce shi ma a gwanjo ya samo ta, bai ce gwanjon wa ba, ni kuma ban tambaya ba. Inji lafiya lau, amma jiki kamar an yi dambe da ita: ƙofa a lotse, gefe duk karce, fenti kala uku yana leƙowa. Niyyata in riƙa ɗaukar wa 'yan kasuwar Mokolo kaya, kuma ba zan shiga Mokolo da wannan abin kunya ba.

Na kai wa abokina mai gyaran jikin mota. Mutumin kudu ne, a unguwarmu ya koyi Hausa, yana haɗa ta da Faransanci yadda ya ga dama. Aikinsa abin kallo ne. Yakan rufe ido ya bi jikin mota da tafin hannu, ya ce ido yana ƙarya, hannu ba ya yi. Inda ya lotsa sai ya tokara ƙarfe ta baya ya bi da ƙaramar guduma har ya miƙe. Sannan ya shafa mastik, wato ƙullin da ke cike ramuka, ya bari ya bushe, ya goge da takardar gurza da ruwa, ya fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan na gaske. Ni na zaɓi shuɗi.

Da hannunsa ya isa cikin bayan motar, ƙasa-ƙasa a bangon hagu kusa da kan mota, sai ya tsaya. Wasu siraran karce ne, faɗinsu bai fi tafi biyu ba, suna saukowa a murɗe kamar sawun tsutsa.

"Mon frère, wannan ba kaya ya yi ba," ya ce. "Kaya yana ja dogo, sau ɗaya. Wannan mutum ya zauna ya yi shi."

Na ce yaran wani ne suka yi wasa da ƙusa, ya shafe kawai. Ya cike, ya goge, ya fesa. Mota ta fito tana ƙyalli, na zaga layinmu sau uku ba tare da an aike ni ba.

Kwana tara aka yi. Da safe bayan an kwana ana ruwa, na ɗaga tamfol zan share ciki, sai ga karcen nan ya dawo. Ko'ina shuɗi sumul, sai wurin kaɗai, siraran layuka ja-ja kamar an zana da jar ƙasar garin nan. Abokina ya ce tsatsa ce ta kwana a ramin, laifinsa ne. Ya kankare, ya wanke da fetur, ya sake komai daga farko. Wannan karon kwana shida ya yi.

Daga nan fa jikina ya fara sanyi. In ina tuƙi sai in ji kamar da mutum a baya, in duba madubi in ga buhunan albasa. Wani lebura a Mokolo ya hau zai sauke kaya, ya sauko ya ce shi motar nan ba ta yi masa ba, bai kuma faɗi dalili ba. Ni da nake yi wa mahaifiyata dariya in ta tofa addu'a a bakin ƙofa, sai ga ni ina karanta ƙulhuwallahu kafin in murɗa makulli. Abokina ma ya daina barkwanci a kai. Ya ce, "Gobe ka kawo. Zan sa inji in ci ƙarfen har ya yi fari. C'est fini, shi ke nan, ko aljani ne ya rubuta."

Ran nan da azahar na ajiye motar a cikin gida. Rana ta buɗe, ɗakina kamar tanda, sai na shige ƙarƙashin tamfol na kwanta a kan buhu. Tsoro bai taɓa hana ni barcin rana ba. Na juya a gefen dama, kuncina a ƙasa, fuskata daf da bangon hagu. Abin da nake gani a tsaye kamar sawun tsutsa, a kwance sai ya miƙe ya zama layi huɗu, daga dama zuwa hagu. Duk gudun da na yi wa allo, na san bisimilla in na gan ta.

Ban san lokacin da na isa zauren Kawu ba. Ya zo da babbar rigarsa, ya leƙa ya ce ba ya ganin komai. Na ce, "Kawu, sai ka kwanta." Ya yi mini wani kallo, amma ya tattare riga ya hau, ya kwanta inda na tashi. Ina ganin leɓensa yana motsi. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya tashi zaune sai ya ce, "Rufe ƙofar gida. Ka kira yayarka, ta zo da littafin awon mijinta."

Ajami ne. Bayan bisimilla akwai sunan mijin yayata da na mahaifinsa, da kalmar tela. Sai kuma: na saki matata saki ɗaya, da sunanta. Layi na ƙarshe ya ce kada ta jira, a yafe masa. Kawu ya ce da alama da allurar da teloli ke sokewa a hula aka yi shi, kuma mai rubutun a kwance yake. Sai a lokacin na gane gwanjon wa motar ta fito: a bayanta aka ɗauke shi.

Yaya ta zo hannunta da gari. Ba ta iya karatu ba. Kawu ya karanta mata a hankali, ya buɗe littafin awon yana gwada harafi da harafi. Ita ba ta ko dubi littafin ba. Ta hau ta kwanta, ta sa yatsa a layi na uku.

"Wannan sunana ne," ta ce. "Haka yake ja masa wutsiya."

Ba ta yi kuka ba, mahaifiyata ce ta yi. Bayan la'asar Kawu ya kira malamai biyu da ya yarda da bakinsu, su ma dattawan nan ɗaya bayan ɗaya suka kwanta a bayan akori-kurata. Suka ce hannunsa ne, niyya a fili take, kuma babu inda aka ce takardar saki sai ta zama takarda. Saki ya tabbata, idda ta wuce tun tuni. A waje za a ce takarda ce ta iso ta hannun wani matafiyi.

Washegari Yaya ta ce, "Auta, je ka shafe shi, kada ya jawo maka." Na kai wa abokina, na ce ya bar injin, ya yi yadda ya yi da farko. Mastik ɗin nan dai, fentin nan dai, damina ba ta ɗauke ba. Na shekara bakwai da motar, karcen bai sake fitowa ba.

Abokina har ya tsufa yana cewa ranar ce kawai ƙarfen ya bushe da kyau. Mai yiwuwa. Ni ban taɓa iya kwance yadda mota ta bi hannu uku ko huɗu ta zo ta tsaya a gidan da ake jiran saƙonta ba, kuma in na tuna saura kwana ɗaya a ci ƙarfen nan da inji, har yau tsigar jikina tana tashi. Yaya ta yi aure daga baya, ta ga jikoki. Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne abin da ta yi a makon. Ta cire 'yan kunne, ta daina kwalli, ta ɗauke kaskon makala daga ƙofar gida, ta shiga ɗaki za ta yi wata huɗu da kwana goma.

Kawu ya same ta ya ce, "'Yar nan, babu takaba a kanki. Sakinki ya yi. Kuma ba mu san ya rasu ba."

Ta ce, "Ku ne ba ku sani ba, Kawu. Mutumin da bai yarda in je Mokolo ni kaɗai ba, ba zai ce kada in jira ba sai ya ga inda za su kai shi."

Ta cika kwanakinta cif.