Ranar da Birki Ya Ƙi a Gangaren Nakkasa

Jiya a unguwar Shisha wata doguwar tsohuwar motar Amurka ta wuce tasin da nake ciki, sai na bi ta da kallo. Irin ta kakana ce, Allah ya jiƙansa.

Lokacin yana raye, ba ya yarda kowa ya jingina da motarsa. Da gefen rawaninsa yake goge mata ƙura.

Wata la'asar muna gangarowa daga unguwar Nakkasa, ni da shi, birki ya ƙi. Na ji ƙafarsa tana ta dukan ƙasan motar a banza. Can ƙasa kuwa mata ne cike da hanya, sun baza kayan sayarwa.

"Amarya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "ke riƙe salati, ni na riƙe sitiyari."

Sai ya manna gefen motar da katangar dutse. Har yau ina jin kukan ƙarfen nan a haƙorana. Da muka tsaya, ko kallon fentin bai yi ba. Fuskata ya tallafa yana dubawa.

Ya Allah, yadda ya sauko da ni lafiya, ka ƙetarar da shi Siraɗi lafiya.