Kaset ɗin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Jiya a tashar jirgin ƙasa ta Barking, a London, wayar wani dattijo ta yi ƙara, sai na ji wannan feɗuwa mai tsayi ta finafinan kaboyin Italiya. Wasu in sun ji ta doki da hamada suke tunawa, ni kuwa falonmu nake gani.

A wani flat na council, irin gidajen hayar gwamnati, muka tashi, mu uku: Yaya, ni, da ƙanena mai i'ina. Ranar Lahadi da hunturu, duhu kan rufe gari jim kaɗan bayan an idar da la'asar, hita tana ƙwanƙwasa, Mama ta soya gyaɗa, Baba ya jawo kaset. Tun yana saurayi a Kano yake bin finafinan nan a silima mara rufi, da ya zo London kuwa ya bi kasuwanni ya tattaro su. Kaboyin Amurka bai ɗauke su a bakin komai ba, wai rigarsu ta cika tsabta. Shi na Italiya yake so, inda za ka ga gumi na tsiyaya a wuyan jarumi, ƙuda na yawo a gemun mugu, a yi ta kallon-kallo har shayinka ya huce kafin a ja kunamar bindiga.

Baba ba ya kallon abu ya bar shi haka, sai ya ba shi matsayi. A kan kanta ya jera kaset ɗin daga dama zuwa hagu, gwani a farko. Na ƙarshe, wani fim na manomin da bai iya harbi ba, ko kantar bai samu ba. Shi Baba ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, wai ya yi amfani ko sau ɗaya.

Mu ma haka ya jera mu. Yaya a gefensa kan doguwar kujera, ni a can ƙarshenta, ƙanena a ƙasa kusa da bidiyo, aikinsa mayar da kaset baya. Kujerar nan fa tana da wuri, kada ka ce matsi ne. In an gama fim Baba kan tambayi ra'ayin kowa. Ƙanena zai buɗe baki, haɓarsa na kakkarwa, kalmar ta maƙale. Ka san finafinan nan daga baya ake ɗora musu Turanci, baki daban murya daban. Rannan gaban abokansa Baba ya nuna ƙanen nawa da cokalin shayi.

"Ku ga nawa ɗan Italiyan. Leɓe ya gama motsi, magana tana hanya."

Aka yi ta dariya har wani ya ƙware. Yaron nan bai yi kuka ba, ya juya ya danna maɓalli. Tun daga ranar ya haddace finafinan kaf, wai ko wata Lahadi zai faɗi abin da zai sa a ce masa taso ka zauna. Abin da yake nema ke nan a duniya, ba wani abu ba.

Shekaru suka ja. Mama ta rasu, Yaya ya koma Abuja, sai gaisuwar Sallah ta waya. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, wa kake jin ya bar aikinsa ya dawo flat ɗin? Ɗan Italiyan. Shi ne wanka, shi ne juyi, shi ne faɗa da asibiti a kan appointment ɗin ganin likita.

A hunturun Baba na ƙarshe a duniya, ƙanena ya nemo finafinan a laptop, suka bi su ɗaya bayan ɗaya, Baba na sake jeri daga kan gado. Wanda ya yi shekaru a na ɗaya ya sauko, wai surutu ya yi masa yawa. Ina wurin ranar da suka kai kan na manomin. Baba ya kalla har ƙarshe, sannan ya share ido.

"Na zalunci fim ɗin nan. Mutumin nan shi ya riƙe garin. A mayar da shi na biyu."

Na yi murna, na zaci ƙanena ma zai samu ƙarin matsayi. Ƙanena na durƙushe a gefen gado da kwanon kunu. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Baba, to... to mu fa?"

Baba ya dube shi sama da ƙasa, da hankalinsa garau.

"Fim ɗin na daɗe ban gani ba, shi ya sa ya canja mini. Kai kullum ina ganinka. Kira mini yayanku."

Na so in fasa laptop ɗin da bango. Ƙanena kuwa ya goge wa Baba baki, ya ajiye kwanon, ya nemo lambar Abuja. Ba a ɗauka ba.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa a ɗaki, babu mai haƙurin fim ɗin da ake jira kafin a yi harbi, babu wanda ya san mene ne mayar da kaset baya. Da muka kwashe kayan Baba, shagon sadaka mai karɓar tsofaffin kaya ma ƙin karɓar kaset ɗin ya yi. Ƙanena ya yi aure, yana da falo mai manyan kujeru da ya saya da guminsa. Duk ranar da na je, matarsa da yara suna kan kujeru, shi yana zaune a ƙasa kusa da talabijin.