Jiragen da Masu Su Suka Nutsar

Kawu Alhaji ya sauka wurina a Lyon yana ta faɗa. Zai koma Maradi, amma wai gara ya rufe magazansa, wato shagonsa na Paris, da ya miƙa wa ƙanensa makulli.

Muna shan shayi, tele ta nuno manyan jiragen ruwan Jamus na yaƙin duniya na farko. Na fassara masa: da aka ci su da yaƙi, da hannunsu suka nutsar da jiragen, kada abokan gaba su samu.

Ya ajiye kofi. "To, wa ya mora?"

"Kifaye, Kawu."

Bai yi dariya ba. Can ya ce in lalubo masa lambar wayar ƙanen nasa.

Ku fa, me kuka taɓa nutsarwa don kada wani ya samu?