Muntaka da Gangaren Rafi

A wani ƙauye gabas da Tsanyawa, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, an yi wani mutum mai suna Muntaka, mai amalanken shanu. Bijimai biyu gare shi. Da rani ya kai taki gonaki, da kaka ya kwaso dammunan gero. Shekarar da ciwon bushiya mai kashe shanu ya shigo ƙasar, duka biyun suka faɗi. Daminar da ta biyo kuma ta zo da fari, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba.

Muntaka bai sayar da amalanken ba. Ya ɗaura igiya a ƙirji, ya shiga inda shanu ke tsayawa, ƙanensa Dabo yana turi daga baya. Aikinsu kwasar buhunan Alhaji Khalilu, mai sayen hatsi, daga rumbunansa zuwa bakin titi inda babbar mota ke jira. Gari na kwana da yunwa, hatsi na fita daga garin, kuma da ƙarfin Muntaka yake fita.

Tayar da kayan shi ne azaba. Kaya in ya zauna ba ya son tashi, sai jijiyoyin wuyan Muntaka sun fito raɗa-raɗa kafin taya ta motsa. Da ta fara juyawa kuwa sai ya samu sa'ida, shi ya sa ko gaisuwa ba ya tsayawa yi a hanya, har wasu suka ce girman kai ne. A yashin rafi tayoyi kan nutse, sai sun shimfiɗa kara. Kullum da safe ya shafa baƙin mai a inda ƙarfe ke cin ƙarfe, don kada amalanke ta ƙara masa nauyi.

Ranar da aka wayi gari da ruwan farko, Alhaji ya sa aka ƙara buhuna a kan na kullum.

Muntaka ya ce, "Alhaji, gangaren rafi ya yi santsi. A rage, mu yi sawu biyu."

Alhaji ya ce, "Mota ce za ta jira ka? In ba ka iyawa, ga masu so can gindin durumi."

Muntaka ya tuna matarsa Sauda da tukunyar da ba a ɗora ba jiya. Ya gyara igiya.

A kan gangaren, amalanke ta daina bin sa, ta koma tura shi. Ya kafe dugadugai, laka ta ƙi riƙe su. Dabo ya rataya a baya yana ja da iyakar ƙarfinsa, amma ƙarfin mutum biyu masu yunwa bai kai na kayan ba.

"Yaya, saki! Fita gefe!"

Igiyar da ke ƙirjinsa ta hana. Ya zame, taya ta bi ta kan cinyarsa, amalanke ta tsinke igiyar ta wuce har sai da ta kife a yashi.

Da Alhaji ya iso, buhunan da suka fashe ya fara dubawa. Mata suka fito da ƙore suna tsintar geron da ya cakuɗe da laka, har da Sauda, tana tsinta tana kuka. Tuwon da Muntaka ya ci a kwance ran nan, tsakuwa yake yi a haƙori.

Maɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ta warke a karkace. Dabo ya tafi Kano neman dako, tun ana jin labarinsa har aka daina. Aikin kuwa, tun washegarin haɗarin aka ba wani.

Muntaka ya ƙare rayuwarsa a ƙofar gida yana tufkar igiyar rama, Sauda na kai masa kasuwar Tsanyawa. Da Alhaji Khalilu ya rasu aka zo kiran jana'iza, ya ce a gaya musu ƙafarsa ba ta kai shi. Bai ce Allah ya jiƙansa ba, sai da Sauda ta faɗa a madadinsa.