Ƙarar babur a bakin Nima

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na dawo unguwarmu Nima bayan an riga an yi mini sadakar arba'in.

Bayan an gama babban yaƙin duniya na sayi wani tsohon babur na soja a unguwar Adabraka, inda nake aikin kanikanci. Ƙararsa kuwa ba a magana, duk Nima an san ta. Ni da ƙafata ba ta zama wuri ɗaya, sai na hau shi na nufi ƙasar kakanninmu: Lome, Ikko, har Kano. Tsohuwata, wadda idanunta suka riga suka mutu, cewa kawai ta yi, "Je ka. In ka dawo zan ji."

A hanyar dawowa zazzaɓi ya kayar da ni a wani ƙauye na Dahomi, na daɗe a kwance. Ashe wani direban lori ɗan unguwarmu ya ga babur ɗin yashe a bakin hanya, ya kai labari gida wai na mutu. Ban sani ba sai a Aflawo, garin kan iyakar ƙasarmu, inda wani mai goro ya gan ni ya saki kwandonsa yana salati. Shi ya gaya mini an yi sadaka, kuma tun lokacin tsohuwa ta daina cin abincin kirki.

Daga nan ban san yadda na tuƙa ba. Ko ruwa ban tsaya sha ba. Zuciyata na ta raya mini cewa zan iske an kai ta makwancinta.

Ina shigowa bakin Nima da la'asar, wani dattijo abokin marigayi babana ya tare ni a tsakiyar hanya. Bai ko yi mini barka ba.

"Kashe wannan abu," in ji shi, da irin Hausar Nima. "Mama naka bai da ƙarfi. Matacce ba ya faɗo ma mutum haka. Bari manya su shiga su lallaɓa shi tukun."

Haka ake yi a wurinmu, babban labari manya ke kai shi, a hankali. Na kashe, na tura babur ɗin zuwa gindin wani mangwaro. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ina hango rufin gidanmu, amma an ce in jira a nemo liman. Limamin kuma ya tafi unguwar Maamobi.

Can sai na hango ta. Ta fito ba takalmi, tana lalube da bango, mata na biye da ita suna roƙonta ta koma. Na ruga. Ta shafa fuskata, ta kama kunnena ta murɗe kamar ina yaro.

"Don me ka kashe shi?" ta ce. "Tun daga rafin bakin unguwa na ji ka. Kullum ina jin ƙarar nan, kullum su ce ƙarya ne kunnena ke yi. Da babur ɗin ya mutu yanzu, na ce to, gaskiyarsu."

Dattijon nan ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kuka na yi, ba kunya.

Tun ranar na gane wanda ya daɗe yana jira ba lallaɓawa yake so ba, so yake ya ji. Har ta bar duniya, ban ƙara kashe babur ɗin ba sai a ƙofar ɗakinta.