Jimlolin da Na Gyara wa Malam

Shirun ajin ne ya fara ba ni tsoro. Ranar Asabar ce da hantsi, ina zaune a ɗan ofishina, tagar da ke tsakanina da ajin a buɗe. Mutum goma sha wani abu, duk masu digiri, kowa da takardar da na buga a gabansa, amma babu biro ɗaya da ke motsi. A lokacin ban ma san abin da na yi ba.

Makona uku ke nan da fara aiki a wannan wurin koyarwa. Wata Hajiya ce da ta yi ritaya daga aikin gwamnati ta buɗe shi a Abakpa, ana shirya masu neman digiri na biyu a ƙasar waje don jarrabawar shiga. Ni sakandare na gama, aikina buga takardu a kwamfuta. Murnar da na yi da samun aikin nan ba ta faɗuwa. Daga Rigasa nake tasowa, amma kullum ina riga mai shara isowa. Tun ranar farko Hajiya ta gaya mini gwajin wata guda take yi mini, kuma wadda na gada kuskure ɗaya ne ya kore ta.

A wani shago na unguwarmu na koyi bugu. Maigidana na can yana da doka: in dattijo ya kawo wasiƙar neman fansho ko takardar koke, ka ga Turancin ya karkace, ka miƙe shi shiru, kada ka ce masa komai. Ya karɓa ya tafi da mutuncinsa. Shekara biyu ina haka, har hannuna ya saba, yana gyarawa kafin in yi tunani.

Ranar Alhamis malamin Turanci, wani dattijo mai furfura da tabarau, ya ajiye mini shafi uku na rubutun hannu, jimloli ne zalla babu wani bayani a sama, ya ce in buga kafin Asabar. Ina fara karantawa na ga kuskure a ta farko. Ta biyu ma haka, ta uku ma. Tausayinsa ya kama ni, na ce tsufa ne ko ido. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Na zauna ina farautarsu ɗaya bayan ɗaya. Wata jimlar tsawonta kamar layin gidan mai, sai na karanta sau huɗu nake kama inda ta gurɗe, in na kama har tsalle nake yi a kujera. Ko abincin rana ban ci ba. Na tashi ina ganin na rufa wa babban mutum asiri.

To ga shi yau aji ya yi tsit. Can wani injiniya mai yawan surutu ya ɗaga hannu.

"Malam, ko dai yau sadaka ce? Na kai ta goma ban ga abin gyarawa ba."

Malam ya ce, "Ba ka dai gani ba, Injiniya. Sake dubawa."

Wata ma'aikaciyar banki ta ce, "Ni na samu uku."

Injiniyan ya ce, "Uku a ina, Hajjaju? Ke ko katin biki aka ba ki sai kin yi masa gyara."

Aka kwashe da dariya. Malam ya karɓi takardar injiniyan, ya ɗaga tabarau, ya karanta. Ya juya shafi. Sannan ya waiwayo tagata.

A nan na gane. Da gangan ya zuba kurakuran, domin a jarrabawar haka ake yi, a ba ka jimla mai aibu ka nemo gyaranta. Gwajin da suka yi mako suna jira ke nan, ni kuma na amsa shi tun Alhamis. Abin da ya zo mini a rai shi ne Innarmu, wadda ta gama gaya wa maƙwabta cewa 'yarta aikin ofis take yi.

Bayan azahar Hajiya ta kira ni. Malam na zaune da rubutunsa a hannu ɗaya, buguna a ɗaya. Na durƙusa.

"Wa ya sa ki?" in ji Hajiya.

"Babu kowa, ranki ya daɗe."

Malam ya ce, "'Yata, da kika ga kuskure har shafi uku, me ya hana ki tambaye ni?"

"Baba, da wane baki zan ce maka ka yi kuskure?"

Sai ya fara dariya har yana share ido. "Wato tun Alhamis kallon wanda ya manta Turanci kike yi mini. Shi ya sa jiya kika riƙe mini jaka."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce an ɓata wa mutane Asabar ɗinsu, wasu daga Katabu suka taso. Malam ya ce gaskiya ne, kuma akwai guda huɗu da na ƙara lalatawa, zai nuna mini in ina so. Na ce ina so. Ya ce da Hajiya, mai bugun da ke karanta abin da take bugawa wuyar samu gare ta, a koya mini dai inda zan tsaya.

Ta daɗe tana kallona.

"A nan, abin da kika gani shi za ki buga. In ya dame ki, ki tambaya, ko ni ce na rubuta. Kin ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Tashi ki sake buga su da kurakuransu, kada ki taɓa ko ɗaya. Kuma ki daina wannan kyarmar, ba korar ki zan yi ba."