Ruwan Bakin Ƙofa

Wan matata ya sallami 'yata zuwa ƙasar ƙanƙara ba na wurin. Ya durƙusar da ita a gidansa, ya ɗora mata hannu a ka, ya sa mata albarkar tafiya, alhali ni ubanta ina raye, ina cikin garin nan ina tuƙa bas. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗe shi tun farko don kada wani ya karanta ya ce ai rashin fahimta ce aka samu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, a wani ƙauye bayan Jos, daga nan sai gona, sai karen mota, sai Allah ya jefo ni London. Jan bas mai hawa biyu nake ja, hanyata kuma ta Aldwych take bi, daidai inda 'yata ta yi jami'a. Ita kaɗai gare ni. Uwarta ta rasu tun tana sakandare. Shekarun da ta yi a jami'ar nan, duk na zo wurin sai na rage gudu ina duba ɗalibai. Wata rana ta shigo bas ɗina da ƙawayenta, ta ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakanina da fasinja, ta ce musu da Turanci, "Wannan babana ne." Ranar har na tashi aiki ban yi wa kowa hon ba.

Dokokin teku ta karanta. Da ta gama sai ta zo mini da maganar wani shiri da jami'o'i suka haɗu suka yi, na horar da matasan da za su riƙe al'amuran can ƙarshen duniya ta arewa, inda teku ke daskarewa. A kicin ta zaunar da ni, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci, yadda muka saba. Wai ƙanƙarar wurin tana narkewa, jiragen ruwa sun fara samun hanya, manyan ƙasashe kowa ya miƙo hannu. Ga kuma mutanen wurin, masu kamun kifi da kiwon wata dabba mai kama da barewa, su ba a cika tambayarsu ba. Za a kai su wata jami'a a arewacin Norway su koyi yadda ake zama a sasanta irin wannan.

Na ce, "Su mutanen can ba su haifi 'ya'ya ba ne?"

Ta yi dariya, ta ce yawancin waɗanda aka ɗauka 'ya'yansu ne, ita tana cikin 'yan kaɗan daga waje.

Na ce, "To namu ƙauyen da ko famfo babu, wa zai riƙe shi?"

Ta ce, "Haba Baba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban hana ba. Tambaya na yi, kuma uba yana da ikon tambaya. Na ɗaure fuska na ɗan lokaci, amma ni na raka ta muka zaɓo rigar sanyin da ta fi bargo kauri.

A garinmu akwai yadda ake sallamar mai tafiya mai nisa. Uba zai tsayar da ɗansa a bakin ƙofa, ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya kurɓa, ya ba ɗan ya kurɓa, ya zuba sauran a dokin ƙofa. Sai ya sunkuya ya faɗa masa magana a kunne, wadda ba wanda zai ji. Da kakanninmu suka shiga coci ba su bar wannan ba, addu'a kawai suka ƙara. Kuma sau ɗaya ake yi. Wanda aka sake wa sallama, a wurinmu kamar an kira shi ne ya juyo daga hanya, tafiyar ba ta kyau. Haka babana ya yi mini ranar da zan baro gida. Har yau ina jin sanyin ruwan randar nan a haƙorina, da gemunsa yana sukar kunnena. Ban sake ganinsa ba. Ya rasu ina nan ba takardar fita.

Tun da aka haifi yarinyar nan nake shirya tawa maganar. A kan sitiyari nake gyara ta, in cire nan, in ƙara can.

Litinin za ta tashi. Na yi booking ɗin hutun ranar, na je kasuwar Rye Lane na sayo acca da yakuwa da gauta don in yi mata gwate irin na uwarta. Ƙwarya ma sai da na zaga shaguna kafin na samu.

Shi wan matatan Dakta ake ce masa, ba na asibiti ba, na littafi. Gida gare shi a bayan gari mai lambu. Shi ya fara nuna wa 'yata shirin, ban kuma taɓa hana shi godiyarsa ba. Amma garinmu ɗaya da shi, da ruwan nan aka sallame shi shi ma, ya san abin kamar yadda na san shi. Ya bugo ya tambaye ni ko ina aiki Asabar, na ce ina da shift. Ya ce ba komai, ɗan shayi ne kawai za su sha da ƙawayenta.

Ranar Asabar ɗin ina hutun rana a gareji, ina cin burodi, sai ga bidiyo a group ɗin coci. Gidan Dakta cike da mutane, har da fasto. Ga 'yata a durƙushe a ƙofar lambu. Dakta ya kurɓa daga kofin gilashi, ya ba ta, ya zuba sauran, ya sunkuya kunnenta. Mata suka rangaɗa guɗa. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ina babanta?" Da kunnena na ji amsarsa: "Ai kun san shi. Irin wannan karatu ya fi ƙarfinsa, bai so tafiyar ba. Mu da muka san darajar abin mu za mu yi."

Na koma na ja bas. Ban san yadda na gama ranar ba.

Ita ba ta san sau ɗaya ake yi ba, a nan aka haife ta. Da na gaya mata sai ta fashe da kuka. Ta ce da Turanci ai ruwa ne kawai. Na ce na san ruwa ne. Sai ta kama hannuna ta yi Hausa, irin tata mai tuntuɓe: "Baba, ka yi kuma. Ka yi naka." Na ce ba a yi. Yarinya za ta hau jirgi zuwa inda teku ke zama dutse, ba ni zan yi wasa da hanyarta ba. Muka ci gwatenmu. Ranar Litinin na ɗauki akwatinta, muka wuce ƙofar flat ɗinmu ba mu tsaya ba. A filin jirgi muka rungumi juna kamar Turawa.

Yanzu tana can. Akwai watannin da rana ba ta fitowa sam. Takan kira ni da tsakar rana, tagar bayanta baƙi ƙirin. Ta nuna mini takalmanta masu ƙusa, ta ba ni labarin wani tsohon makiyayi da ya tashi a taro ya yi wa manyan mutane faɗa a kan hanyar dabbobinsa. Na ce wannan da a garinmu yake da mun yi shiri. Muryarta ta canja, ta iya tsayar da magana, ina ji ina jin daɗi. Na sa sunan garin a wayata, duk na kai ƙarshen hanya sai na duba sanyinsu. Aldwych kuwa har yanzu ƙafata rage gudu take yi da kanta. Ɗalibai suna nan da jakunkunansu, 'ya'yan wasu.

Na daɗe ina kauce wa Dakta. Sai wata Lahadi bayan sujada a Peckham, wurin layin shinkafa, ya dafa kafaɗata.

"Oga direba! Ka ɓuya. Ka ga hoton 'yarmu da manyan ƙasar can? Ai mun fita kunya."

Na ce, "Yaya, ajiye farantin nan."

Ya ce, "Kai, har yanzu maganar ruwan nan ce? Wannan zamanin? Taimakonka na yi, na ga kana fama da aiki."

Mutane suka fara juyowa. Ban ɗaga murya ba.

Na ce, "In ba komai ba ne a wannan zamanin, me ya sa ka yi? Kai ka tambaye ni ranar aikina. 'Ya'yanka duka kai ka sallame su, ba wanda ya riga ka kunnensu. Ni ɗaya Allah ya ba ni. Karatunta ya fi ƙarfina, na yarda, ban san dokar teku ba. Amma abin da zan faɗa mata a bakin ƙofa tun tana zanen goyo nake shirya shi, kuma ba na coci ba ne, ba na waya ba ne, wurin faɗinsa ɗaya ne, ka cinye shi. Yana nan a bakina, da shi nake kwana, da shi nake tashi. Kai mai ilimi ne, Yaya. Gaya mini inda zan kai shi."